Shafen siminti a kan ginin ƙasa: gyara ne ko ɓarna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Sandamu, ƙasar Daura. Ɗakin ƙasa na gada wurin mahaifina, duk damina sai gindin bangon ya zaizaye. Maƙwabta sun ce in shafe shi da siminti in huta da yaɓe. Kuɗin bulo kuwa ba ni da shi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka, kada ka shafa wa bangon nan siminti. Ginin tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita in rana ta buɗe. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa da kyau. Shekara ɗaya ko biyu sai ya tsage, ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa hanyar fita. Daga waje ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Irin wannan bangon ya fi ba ni tsoro, don ba ya nuna alama kafin ya zubo wa masu barci.

Ciwon ɗakinka a gindi yake, can za ka fara. Ruwan da ke zubowa daga indararo yana dukan ƙasa ya fantsamo wa bango, wani kuma ya kwanta a jikinsa. Ka tsawaita indararon, ka jera duwatsu inda ruwan ke sauka. Sannan ka yi wa ɗakin dakali kewaye, da dutse da birji, tsayin kamu biyu, ya ɗan gangara waje. In akwai kuɗin buhu ɗaya ko biyu na siminti, a dakalin nan ya kamata su tafi. Idan rufin kwano ne, bakinsa ya zarce bango da kamar santimita 60.

Yaɓe kuwa ba a guje masa, amma ana iya rage yawansa. Maginan da, da makuba suke kwaɓa ƙasar, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ruwan sama ya riƙa zamewa a kai. Manyan soraye laso ake yi musu, wato shafen da ake haɗawa da katsin marina (abin da ke kwanta a ƙasan rijiyar rini), gashin jima (gashin da majema ke cirewa daga fata) da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Hasumiyar Gobarau a Katsina ginin ƙasa ce, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye saboda ba a daina kula da ita ba. Ga kuma sanyin da ɗakin ƙasa ke bayarwa a watan Afrilu, wanda mai ɗakin bulo da kwano ba ya samu ko da fanka.

Abin da ke damuna shi ne kayan aikin suna ƙarewa. Ɗorawa ta yi ƙaranci a gonaki, giginyar da ake fasa azara da ita ana sara ba a shukawa, ga ta da jinkirin girma. Don Allah ka bar 'ya'yan ɗorawar da suka tsiro a gonarka, ka kuma binne ƙwallon giginya a bakin fadama.

Ƙasar yaɓen ma kada ka haƙa a bayan ɗaki, kududdufin zai tara ruwa da sauro ya jiƙa maka harsashi. Ka ɗebo daga nesa, ka kwaɓa da ciyawa, ka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. A gama aikin tun da rani, ya bushe sosai kafin ruwan farko na watan Yuni.