Su wane ne SG Wannabe, mawaƙan Koriya da ba sa rawa?

Tambaya: Na ga wani bidiyo na mawaƙa uku 'yan Koriya ta Kudu, suna tsaye cak a dandamali suna rera waƙa, babu rawa, babu ado mai yawa, amma 'yan kallo har da masu share hawaye. An ce sunansu SG Wannabe. Don Allah ina son tarihinsu, domin na ɗauka duk mawaƙan ƙasar rawa ce jarinsu.

Amsa: Malama, na gode da wannan tambaya, kuma ba laifinki ba ne da kika ɗauka haka, tunda irin su BTS ne suka fi isowa wayoyinmu. Waɗanda kika gani sun fito ne daga wani zamani dabam, lokacin da murya ce ke sayar da faifai a Koriya.

SG Wannabe sun fara fitowa a watan Janairun 2004, su uku: Kim Yong-jun da Chae Dong-ha da Kim Jin-ho. Haruffa biyun da ke farkon sunansu na nufin Simon da Garfunkel, shahararrun mawaƙan nan biyu na Amurka da aka san su da haɗa murya, ma'anar sunan kuwa ita ce masu burin zama kamar su. Da farko kamfaninsu bai nuna fuskokinsu ba. 'Yan wasan fim ne aka sa a bidiyon waƙarsu ta farko, "Timeless", har mutane suka haddace waƙar ba tare da sanin kamannin masu ita ba.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne salon rerawarsu. 'Yan Koriya sun laƙaba masa suna "somori", wato koran shanu, saboda yadda mawaƙi yake jawo murya mai kauri daga ƙirji, ya ja ta da tsawo tana karkarwa, kamar makiyayi yana kiran garkensa daga nesa. Kim Jin-ho, wanda aka haifa a 1986, shi ne gwanin wannan salo, alhali ko shekara ashirin bai cika ba a lokacin. Idan kika sake kallon bidiyon, ki lura da yadda yake runtse ido, jijiyoyin wuyansa su tashi, sauran biyun kuma su sassauta nasu muryoyin su yi masa shimfiɗa, sai a wurin amshi su haɗu gaba ɗaya. Masu suka sun ce kuka ya yi yawa a waƙoƙin, kuma da masu kwaikwayo suka cika kasuwa, kunne ya gaji da salon. A ganina, laifin na masu kwaikwayon ne, domin su kururuwar suka ɗauka suka bar daidaita muryoyin, wanda shi ne ainihin aikin.

Tsakanin 2005 da 2007 babu wanda ya sha gabansu a wannan fage. Faifansu na biyu shi ne wanda aka fi saya a ƙasar a 2005, kuma shekara uku a jere suna karɓar babbar lambar yabo ta Golden Disc. A 2007 sun saki waƙar "Arirang", wadda suka sanya kayan kiɗan gargajiyar Koriya a cikinta.

A 2008 Chae Dong-ha ya bar ƙungiyar domin ya yi waƙa shi kaɗai, sai Lee Seok-hoon ya maye gurbinsa. Muryar sabon zuwan tana da laushi, ta kuma sauƙaƙa nauyin salon nasu, kamar yadda ake ji a waƙar "Lalala" ta wannan shekara, mai fara'a da saurin kiɗa. Chae ya rasu a watan Mayun 2011 yana da ƙuruciyarsa, rashin da har yau masoyansu suke ambatawa da alhini. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsu a matsayin ƙungiya na 'yan shekaru, saboda aikin soja na dole da kuma ayyukan da kowannensu ya kama, sai a 2015 suka dawo tare.

Mai yiwuwa bidiyon da kika gani na 2021 ne. A wannan shekara fitaccen mai gabatar da shiri Yoo Jae-suk ya gayyace su shirinsa na tashar MBC, inda yake shirin kafa wata ƙungiya mai suna MSG Wannabe don tunawa da zamaninsu. Sun tsaya su uku suka rera tsofaffin waƙoƙinsu kai tsaye, kuma cikin 'yan kwanaki waƙoƙin da suka haura shekara 15 suka koma saman jerin waɗanda aka fi saurare a ƙasar, suna gogayya da na matasan da aka haifa kusan lokacin da aka fara rera su. Idan kina son ki san su sosai, ki fara da "Timeless", sannan ki saurari "Lalala", za ki ji bambancin da ke tsakanin zamanin Chae da na Lee da kunnenki.