Yaya ake auna ƙosawa da aiki da gajiyar tausayi ga ma'aikatan jinya?

Tambaya: Ni ce shugabar nas-nas a ɗakin masu ciwon daji. Wasu sun fara yi wa majinyata tsawa, wata kuma ta ce fuskar yaron da ya rasu a hannunta tana hana ta barci. Akwai ma'aunin da zai nuna min halin da suke ciki?

Amsa: Akwai, Malama, amma abu biyu kika kawo. Mai tsawa ta fi kama da wadda aiki ya ƙosar, sannu a hankali, saboda yawan duti da ƙarancin hannu. Mai ganin fuskar yaro kuwa firgicin wahalar wani ta ɗauka, wanda ɓangare ne na gajiyar tausayi, kuma shi yakan zo farat ɗaya. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ki fara da ProQOL na Beth Hudnall Stamm, bugu na 5, wato takardar tambayoyi da ma'aikaci ke cikewa da kansa. Kyauta ne. Jimloli 30 ne kan kwanaki 30 da suka wuce, ana ba kowace maki 1 zuwa 5. Sun kasu uku, goma-goma: gamsuwa da taimakon mutane, ƙosawa, da firgicin da aka ɗauko. A kowane kashi, 22 zuwa ƙasa kaɗan ne, 23 zuwa 41 matsakaici, 42 zuwa sama mai yawa ne; a kashin gamsuwa maki mai yawa alheri ne, a sauran biyun kuwa abin damuwa ne.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne lissafi. Jimloli biyar na kashin ƙosawa, wato 1, 4, 15, 17 da 29, juya makinsu ake yi: 5 ya koma 1, 4 ya koma 2, 3 ya zauna yadda yake. In an manta, nas mai walwala sai ta fito kamar wadda ta gaji liƙis. Kada kuma a tara kashi ukun wuri guda, domin mutum na iya son aikinsa sosai alhali mafarki na razana shi.

Akwai kuma ma'aunin ƙosawa mai suna MBI na Christina Maslach da Susan Jackson, na 1981, mai jimloli 22. Yana auna gajiyar rai, bushewar zuciya ga majinyaci, da jin ko aikin na da amfani. Sai dai sayen lasisinsa ake yi, kuma ba ya taɓa firgici.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rabawa. Kada a rubuta suna, kada su miƙa miki hannu da hannu. Wanda ke tsoron shugabarsa "lafiya lau" zai cike. A sa akwati rufaffe, a duba sakamakon ɗakin gaba ɗaya, a sake bayan wata shida.

Takardar ba ta gano cuta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙosawa a matsayin matsalar wurin aiki, saboda haka in makin ƙosawa ya yi yawa, jadawalin duti za ki fara dubawa. Ita kuwa wadda ba ta barci, kada ki jira sakamako. Ki keɓe da ita, ki haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa a makon nan.