Tambaya da Amsa: Shin tabarau mai kyamara zai dawo wa mahaifina da karatunsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan kasuwa ne, ya haura shekara 65, kuma ya daɗe yana fama da ciwon suga. Tun bara ganinsa ya ragu har ya ajiye karatun Alƙur'ani, ba ya kuma gane fuskar mutum sai ya ji murya, amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa ba tare da ɗan jagora ba. An canza masa tabarau, bai ga wani bambanci ba. Ƙanena da ke aiki a Faransa ya turo mana bidiyon wani tabarau mai kyamara da aka ce yana sa masu raunin gani su gani, kuma yana son ya saya masa. Ya dace mu bar shi ya kashe kuɗin? Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka wa ƙanenka da alheri. Na'urar da kuka gani gaskiya ce, ana sayar da ita, akwai kuma waɗanda ta amfana ƙwarai, sai dai ba ta warkar da ido. Abin da take yi shi ne ta yi aiki da ɗan ganin da ya rage, don haka amfaninta ya rataya ne a kan wane ɓangare na ganin mutum ya lalace, wane kuma ya saura.

A gaban tabaran akwai ƙaramar kyamara da ke ɗaukar abin da ke gaban mutum, sai ƴar kwamfutar da ke ciki ta gyara hoton nan take, ta nuna shi a kan ƙananan alluna biyu da ke dab da idanu. Gyaran ya haɗa da ƙara girman abu sau da yawa, da ƙara bambanci tsakanin haske da duhu, da zana layi mai haske a gefen ƙofa ko matakala, da mayar da baƙin rubutu a farar takarda ya koma fari a kan baƙi. Wasu na'urorin suna rufe ido gaba ɗaya, mutum ya kalli duniya ta cikin allon kaɗai, kamar IrisVision ta Amurka wadda aka fara ginawa a kan wayar Samsung da ake saka wa cikin abin ɗaurawa a kai. Wasu suna barin gefen ido a buɗe, kamar eSight ta Kanada, wadda injiniya Conrad Lewis ya kafa kamfaninta a 2006 saboda ƴan'uwansa mata biyu masu raunin gani. Akwai kuma waɗanda ba sa nuna hoto ko kaɗan, irin su OrCam MyEye da tabaran Envision na Holan, waɗanda ke karanta rubutu su faɗa wa mutum a kunne.

Bayanin da ka yi game da Baba yana da muhimmanci. Mutumin da ba ya iya karatu, ba ya gane fuska, amma yana tafiya shi kaɗai, galibi tsakiyar ganinsa ce ta samu matsala, gefe kuwa yana nan. Irin wannan ne ƙara girman hoto ya fi taimakawa, domin idan harafi ya girma yakan faɗa a kan sashen idon da ke da sauran lafiya. Ta wannan fuska, Baba yana cikin waɗanda na'urar za ta iya yi wa amfani.

Duk da haka, ba zan ba ku shawarar ku saya yanzu ba, kuma babban dalilina shi ne ciwon sugan. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke bayan ido, su riƙa yoyo, ruwa ya taru a daidai inda ake karatu da shi, kuma wannan yana da magani: akwai allurar da ake yi a cikin ido, akwai kuma aikin leza. Masu suga suna saurin yin yanar ido, wadda aikin tiyata na ɗan lokaci yake cire ta. Canza tabarau a shago ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai likitan ido ya ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, ya leƙa bayanta. Ana yin wannan gwaji a nan Maraɗi, a asibitin ido na Makka misali, idan kuma ana buƙatar ƙarin aiki likita zai tura ku Yamai ko Kano, inda asibitin ido na ECWA yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu matsalarsu abin da za a iya hanawa ne ko wanda ba a kai ga magance shi ba. Kafin a sa Baba cikin masu buƙatar na'ura, a tabbatar ba ya cikin masu buƙatar magani, domin kowane wata da aka yi ana jiran saƙo daga Faransa, sugan yana ci gaba da ɓarna.

Sai batun kuɗi da yanayinmu. Waɗannan na'urori ana sayar da su ne a kan dubban dalolin Amurka, wanda a kuɗinmu ya haura sefa miliyan ɗaya, wasu ma sun ninka haka. Batirinsu na ƴan sa'o'i ne, kuma kowa ya san yadda wuta take ɗaukewa a watannin zafi; ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ga gumi a ƙarƙashin abin da aka ɗaura a fuska lokacin da zafi ya haura digiri 40. Idan ta lalace, mai gyaran wayar da ke bakin kasuwa ba shi da kayanta. Wasu masu amfani da ita suna jin jiri ko ciwon kai a farko, kuma irin mai rufe ido ba a tafiya da ita, sai a zaune, domin tana toshe ganin gefen da Baba yake zuwa masallaci da shi.

Akwai gwajin da za ku iya yi yau ba tare da kashe ko dala ba. Ku zaunar da Baba a inuwa mai haske da hantsi, ku buɗe kyamarar waya a kan shafin Alƙur'aninsa, ku jingina wayar a kan wani abu don kada hannu ya riƙa rawa, ku ƙara girman hoton a hankali har kalma biyu ko uku su cika allon. Idan ya karanta, to ƙara girma yana yi masa aiki, kuma gilashin hannu mai fitila ko babbar waya mai faɗin allo na iya biya masa yawancin buƙatarsa. Idan Alƙur'anin irin namu ne mai wasali da jar tawada, ku bar hoton da launinsa, domin mayar da shi fari da baƙi yana haɗe wasalin da harafi. Ƙara girma ya fi masu karantawa da murya dacewa da shi a nan, saboda manhajoji irin su Seeing AI da Lookout, waɗanda kyauta ne, sun ƙware a Faransanci da Turanci, amma ba a gina su don rubutun hannu na malamanmu ko ajami ba. Za su yi amfani wajen karanta kwalin magani da takardar kuɗin wuta. Idan bayan magani da wannan gwaji ƙanenka yana nan a kan niyyarsa, ya nemi mai sayarwar da ke yarda a mayar da kaya idan ba su yi ba.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 14 yana karatu lafiya, amma da magariba ta yi ba ya gani, kuma ko da rana yana yawan tuntuɓe da kaya. Wannan tabarau zai yi masa? Daga wata uwa, Tibiri.

AMSA: Hajiya, matsalar ɗanki akasin ta farko ce, kuma ƙara girman hoto zai ƙara ƙuntata masa gani ne. Dundumi yakan zo daga ƙarancin sinadarin bitamin A, wanda maganinsa mai sauƙi ne, yakan kuma zo daga wata cutar bayan ido da ake gado, mai cin ganin gefe a hankali, wadda auren zumunta ke ƙara yawanta. Don masu wannan cuta aka ƙera wasu tabarau, kamar na OxSight da ya fito daga binciken Jami'ar Oxford a Ingila, masu matso da abin da ke gefe zuwa tsakiya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun gwada HoloLens, wani tabarau mai kwamfuta na kamfanin Microsoft, suka sa yana shafa wa abubuwa launi gwargwadon kusancinsu, kuma karo da kaya ya ragu da kusan rabi, amma a kan mutane kaɗan aka yi gwajin, a cikin ɗaki. Ki kai shi likitan ido ya auna faɗin ganinsa, ki tafi da ƙannensa a duba su tare, kafin nan kuma ya riƙa fita da tocila mai ƙarfi, ya daina hawa keke bayan la'asar sakaliya.