Tambayoyinku: Kwamfutata Ta Kasa Haɗa 0.1 da 0.2

Tambaya: Malam, na haɗa 0.1 da 0.2 a Python, sai ta ba ni 0.30000000000000004. Da na gwada shi da 0.3 ta alamar ==, ta ce ba ɗaya ba ne. Kwamfutar bincike ce mai tsada, ko ta lalace ne?

Amsa: Lafiyarta lau, ɗan'uwa, kai ne ka yi barci ranar darasin farko. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma a wannan tsari 0.1 ba ta da ƙarshe, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.333 har abada. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta ba nau'in double (mazubin lamba mai ɗigo da Python ke amfani da shi) bit 53 kacal na inganci, kowane bit gurbin sifili ko ɗaya ne, wato lambobi 15 zuwa 16 masu inganci. Ragowar sai a kusantar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan == ɗin. Mutum ya sa manhaja ta riƙa ƙara 0.1 har sai ta kai 1.0 cif, alhali ƙari goma 0.9999999999999999 yake bayarwa, sai ta tsallake ta yi ta gudu ba tsayawa. Ku daina, don Allah! Ku tambayi kusanci: math.isclose na nan, numpy.isclose na nan. Idan da sifili kake gwadawa a math.isclose, ka saka abs_tol (iyakar tazarar da ka yarda da ita) da kanka, in ba haka ba kullum "a'a" za ta ce. Ƙidaya kuwa a yi ta da cikakkiyar lamba, a ninka daga baya.

Kada wani ya raina ɗan kuskuren nan. Ranar 25 ga Fabrairu 1991 a Dhahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare makamin Scud, sojojin Amurka 28 suka mutu. An datse 0.1 na daƙiƙa da agogonta ke ƙirga lokaci da shi a bit 24, bayan kimanin awa 100 tana aiki agogonta ya kauce da daƙiƙa 0.34.

Tambaya: Na raba lissafi ɗaya ga ƙwaƙwalwan kwamfuta da yawa, lambobin ƙarshe na sakamakon suna canzawa kullum.

Amsa: Jerin tarawar ne ke canzawa, 'yar'uwa, kuma a nan (a+b)+c ba lallai ya zama a+(b+c) ba. Yi amfani da math.fsum ko dabarar tarawa ta William Kahan. In kin kunna -ffast-math (zaɓin hanzarta lissafi wajen harhaɗa manhaja), kashe shi, yana iya rushe dabarar.

Tambaya: In koma float na bit 32, ƙanin double, don ya fi sauri?

Amsa: Lambobi kusan 7 zai riƙe maka. Ni double nake sa kowa ya fara da shi. Auna saurin tukuna.

Tambaya: Lissafin kuɗi fa?

Amsa: Decimal, mai ajiye lamba a tsarin goma-goma, ba float ba, ba double ba.