Tallafin noma: rangwame ne ko rance?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko tallafin noman da ake rubuta sunaye dominsa a ƙaramar hukumarku kuɗi ne ake damƙa wa manomi a hannu, kuma ko za a nemi ka biya daga baya. Na haura shekara ashirin ina noman shinkafa a fadamar Kebbi, na kuma shiga irin waɗannan shirye-shirye sau biyu, saboda haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Ba kasafai ake ba da tsabar kuɗi ba, kayan noma ake bayarwa. A shirin GES, wato tallafin taki da iri na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, saƙo ne yake shigowa wayarka, ka je cibiyar rabo ka biya rabin kuɗin buhu biyu na taki, kamfa ɗaya da yuriya ɗaya, gwamnatin tarayya da ta jiha su cike sauran. Wannan rangwame ne, ba wanda zai biyo ka bashi. Amma ina tuna wani dattijo maƙwabcina da ya yi rajista da lambar ɗansa da ke ci-rani a Legas; ya wuni a layi cikin rana da buhun da zai ɗauko iri a hammata, ya koma gida hannu rabbana, domin saƙon yana can inda wayar take.

Shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a nan Kebbi a watan Nuwamban 2015, shi kuwa rance ne, kuɗin ruwansa a wancan lokacin kashi 9 cikin 100. A ƙungiyance aka ba mu iri da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, da sharaɗin idan kaka ta yi za mu biya da shanshera ko da kuɗi. A nan ne mutanenmu da dama suka yi kuskure, domin da suka ji kalmar tallafi sai suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, har wasu suka sayar da takin a bakin cibiya kan farashin da bai taka kara ya karya ba. Da ambaliyar 2020 ta shafe gonakinmu, ni kaina na tsaya a kan tudu ina kallon ruwa ya shanye shinkafar da ta fara fitar da kai, amma bashin yana nan a kan lambar BVN ɗina, sai da na haɗa da amfanin noman rani kafin na sauke shi. Har yau abin yana yi mini ciwo idan na tuna waɗanda ba su da rani da za su jingina da shi.

Saboda haka kafin ka dangwala hannu, ka sa malamin gona ya karanta maka takardar, ka ji ko rangwame ce ko rance, nawa aka ƙiyasta kuɗin kowane buhu, kuma idan akwai inshora, wa za ka sanar da zarar ruwa ya ci gona. Ka yi rajista da layin da ke aljihunka. Sannan ka tambayi ranar da kayan za su iso, domin takin da ya zo bayan shinkafa ta yi ciki, sai dai ka ajiye shi don noman rani.