Amsa ga ƙanina na BUK mai son yin taransifa zuwa Amurka

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka tun ranar Talata, aiki ne ya sha min kai sai yanzu na zauna. Ka ce kana aji biyu a BUK kana karanta kwamfuta sayans, sakamakonka mai kyau ne, kana so ka yi taransifa zuwa wata jami'a a nan Amurka ka ƙarasa, kuma Baba ya ce zai iya sayar da fili ya haɗa maka wajen naira miliyan 15, shin zai isa ko kuwa. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, tunda ni ma ta wannan hanyar na biyo kuma na san inda ta cije ni.

Fara da lissafi tukunna. Kuɗin makaranta da kake gani a shafin jami'a ba shine kuɗin ba. Akwai wani jimillar da suke fitarwa na shekara ɗaya dungurungum, kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai da inshorar lafiya da kuɗin mota har da na sabulu, wannan jimillar ita suke rubutawa a takardar I-20, wato shaidar da makaranta ke ba ɗalibin waje ya nemi biza da ita, kuma sai ka nuna musu sitetimen na banki cewa kana da ita kafin su ba ka takardar, ba I-20 kuwa ba maganar bizar F-1, wato bizar ɗalibai. A yawancin jami'o'in gwamnatin jiha ɗalibin waje yana tashi dala dubu 35 zuwa 50 a shekara, masu zaman kansu manya irin su Harvard da Yale sun haura dubu 80. To ka ɗauki dala dubu 40 ka buga da naira 1,500 kowace dala a misali, miliyan 60 kenan, shekara ɗaya fa. Kuɗin filin Baba dala dubu 10 ne. Kafin Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa dala tana wajen 460 a banki, mutane da yawa da wannan lissafin suka taho, da abin ya juya wlh na ga yara a nan suna kuka, wasu dole suka tattara suka koma gida ba digiri ba fili.

Za ka ce ai akwai sikolashif. Akwai, amma ga inda gizo ke saƙa: kuɗi mai kauri na sabbin ɗalibai ne ’yan aji ɗaya, ɗan taransifa ragowar tukunya yake samu, ɗan taransifa kuma daga ƙasar waje ragowar ragowa. FAFSA da kake ji ana ambata, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, ta ’yan ƙasa ce da masu girin kad, kai ba ka ciki. Abin da wasu makarantu za su ce ka cike shine CSS Profile, inda za ka zayyana abin da Baba da Umma suke samu da abin da suka mallaka. Akwai ’yan tsirarun makarantu irin Harvard, Yale, MIT, Amherst da suke biya wa ɗalibi duk abin da ya gaza ko daga ina yake, gaskiya ne, amma Harvard ɗin ’yan taransifa wajen goma sha biyu take ɗauka a shekara daga duniya baki ɗaya. Ka nema in kana so, ba haramun ba ne, amma kar a sayar da fili saboda ita. Kuma kar wani ejen ya ce maka ka ɓoye cewa ka taɓa shiga jami'a ka nema a matsayin sabon ɗalibi, suna tambaya a fom, in aka gano daga baya korar ka za a yi ko da kana ajin ƙarshe, bizar ma ta tafi.

Sai maganar da ta fi ƙona min rai, kiredit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas da ake tarawa a samu digiri. Kai kana lissafin ka yi shekara biyu saura biyu ko? Haka ni ma na lissafa. Digiri a nan yawanci kiredit 120 ne, ni na taho da shekara biyu cur daga wata jami'ar gida, sai da na yi wata biyar ina bin taranskirif ɗina, yayana ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, yau mai sa hannu ya tafi taro gobe ba takardar bugawa, kuma ba a hannu za ka karɓa ba, dole makarantar ce za ta aika wa WES, masu tantance takardun karatun waje, kai tsaye su auna kwas bayan kwas, ka biya su sama da dala 200. Bayan duk wannan wahalar kiredit 27 aka karɓa min. Auna na WES daban, hukuncin sashen da za ka shiga daban, su ne masu cewa wannan lissafin naka ya yi daidai da namu wancan bai yi ba, suka ce in kawo manhajar kowane kwas da littafin da aka koyar da shi, mu kuwa handawut muka karanta, ina zan samo? Duk kwas ɗin da ka ci ƙasa da C ka manta da shi. Kwasa-kwasan GSP ɗinnan naku na gama-gari in an yi maka kara a zuba su cikin na zaɓi, in ba a yi ba shikenan. Su kuma suna da nasu na dole, a Texas sai ka yi tarihin Amurka da tsarin gwamnatinsu har da na jihar Texas kanta, kai da kuɗinka. Sannan kusan kowace jami'a tana da dokar cewa sai ka yi wani adadi a wajenta, wasu 30 wasu har 60, kafin ta buga maka tambarinta. Kaga shekara biyun nan ta koma uku, kowace shekara kuma ka san farashinta.

Abin da ya cece ni kwalejin al'umma ce, waɗannan na shekara biyu. A nan Houston na fara, kuɗin karatunsu bai kai rabin na jami'a ba, na zauna da wasu ’yan uwa mu huɗu a gida mai ɗaki biyu, muna dafa shinkafa da wake kamar ba gobe, na gyara makina sannan na yi taransifa ta biyu zuwa jami'ar jiha, wannan ta zo da sauƙi don akwai yarjejeniya tsakaninsu, an san wane kwas ne yake maye gurbin wane. Ga wani abu da mutane ba su sani ba, a jami'o'in gwamnati na Texas in ka ci sikolashif na gasa da ya kai dala 1,000 za su iya mayar da kai kan farashin ’yan jiha na wannan shekarar, ƙaramin kuɗi ne amma ya sauke min sama da dala dubu 10. Sai dai ba kowa ake ba wa ba kuma duk shekara sai an sake fafatawa. A Kalifoniya kuma akwai tsarin TAG, jami'o'in UC (University of California) guda shida irin su Davis da Irvine suna ba ɗan kwalejin al'umma na jihar tabbacin gurbi in ya cika sharuɗɗa, gurbi fa na ce ba kuɗi ba, can ɗalibin waje ya haura dala dubu 70 a shekara. Ko kwalejin ma in aka haɗa ɗaki da abinci I-20 ɗinta tana wuce dala dubu 20, kaga har yanzu filin bai kai ba.

Na san abin da ke ranka, in na shiga zan yi aiki in biya. Ɗan F-1 awa 20 a mako aka yarda ya yi lokacin karatu, kuma a cikin makaranta kawai, kuma dole ka riƙe aƙalla kiredit 12 kowane zango. Ni a ɗakin cin abinci na yi, dala 11 a awa, wata ya kama wajen 880 kafin a cire haraji, haya da waya da abinci sun cinye, ko sisi bai taɓa shiga kuɗin makaranta ba. Masu yin Uber da aikin shago a ɓoye suna nan, amma ranar da aka kama mutum rajistarsa ta SEVIS, wato kundin gwamnati na ɗaliban waje, ta mutu. Biza ma yanzu ba kamar lokacinmu ba, SEVIS dala 350, fom ɗin biza 185, ba a mayarwa in an hana ka, a Yulin 2025 kuma aka mayar da ta ’yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, dokokin sai ƙara tsauri suke, don haka kafin ka biya kowa ko kwabo ka tuntuɓi EducationUSA na Abuja, cibiyar Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, ka ji halin da bizar ɗalibai take ciki, shawararsu kyauta ce.

To da ni ne kai me zan yi? Zan zauna a BUK in gama. Na san yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya sa kowa ya tsorata, amma shekara biyu ce ta rage maka. Ka fito da fas kilas ko 2.1 mai ƙarfi, ka maƙale wa malami ɗaya mai bincike ka yi furojet na gaske, sannan ka nemi mastas ko PhD. A wannan matakin ne Amurka take biyan mutum, su yafe kuɗin karatu su ba ka albashin wata kana taya farfesa koyarwa ko bincike, musamman PhD a fanninku, kuma bayan gamawa kwamfuta tana cikin fannonin da ake ba shekara uku na OPT, wato izinin aiki bayan karatu, maimakon ɗaya. Yawancin Hausawan da na sani a nan da suka tsaya da ƙafarsu ta nan suka shigo, ba wanda aka sayar da gona dominsa. Miliyan 15 ɗin kuwa a lokacin za ta yi maka jarrabawa da fom da tikiti da hayar watan farko har a yi canji.

In duk da haka zuciyarka tana kan taransifa, turo min jerin kwasa-kwasan da ka yi da makin kowanne in duba maka da teburin daidaita kwasa-kwasai na kwalejin da na yi, mu ga nawa za su tsira. Yawancin makarantu Maris suke rufe karɓar fom na zangon Agusta, UC kuwa tun ƙarshen Nuwamba, don haka taranskirif ɗin ka fara binsa daga yanzu. Sannan ka zauna da Baba ka tambaye shi ba kunya, bayan filin, shekara ta biyu da ta uku daga ina? Ka gaida min shi da Umma, ka ce ina nan tafe da Babbar Sallah in Allah ya yarda.