Me Ya Sa Kowa Sai Jami'a?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na saurari tambayarki, wai me ya sa da yaro ya gama sakandare sai a ce masa jami'a, kamar babu wata hanya. To bari in ce wani abu.

Abin nan fa bai daɗe ba. A 1970, kusan kashi 10 cikin 100 na matasan duniya ne ke ci gaba da karatu bayan sakandare, yanzu ya kai wajen kashi 40. Gwamnatoci ne suka fara tura matasa jami'a. A 1944 Amurka ta yi dokar biya wa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu kuɗin karatu, sama da miliyan 2 suka shiga kwalejoji da jami'o'i. A Birtaniya, a 1992 aka mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'i, sannan a 1999 firaministan ƙasar na lokacin, Tony Blair, ya ce burinsa rabin matasa su yi karatun gaba da sakandare.

Amma ni a ganina, masu ɗaukar aiki su ne suka ƙulle ƙofar. Kin ga, mai ɗaukar aiki na zaune, takardun neman aiki sun cika masa tebur, gurbi ɗaya ne. Ba zai iya gwada kowa ba. Sai ya ce duk wanda ba shi da digiri a ware takardarsa gefe, ko buɗe ta ba a yi. Aikin da a da mai shaidar sakandare ke yi lafiya lau, yau sai da digiri, alhali aikin bai canza ba. Da masu digiri suka yi yawa, sai aka koma neman digiri na biyu.

To uba ya ga haka, me zai yi? Wallahi ban ga laifin iyaye ba, tsoro ne ke sa su. Abin da ke damuna shi ne yaron da hannunsa ya iya gyaran lantarki, a sa shi ya ji kamar ya kasa a rayuwa.

Ki dubi Jamus. A kowane mako matashi zai yi kwana 3 ko 4 a kamfani, sauran a makarantar koyon sana'a, ana biyansa tun yana koyo, bayan kamar shekara 3 ya zana jarrabawa ya karɓi shaidar da kowane kamfani a ƙasar ya yarda da ita. Shi ya sa a can uba ba ya jin kunya ya ce ɗansa makanike zai zama.